Shin jikin ɗan Adam na dogon gudu ne, ko wahalar da kai kawai ake yi?

A ranar 12 ga Oktoban 2019, a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, ɗan Kenya Eliud Kipchoge ya cinye kilomita 42 da mita 195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Ba a rubuta masa wannan a kundin tarihin gasa ba, domin an tanadar masa masu tare masa iska a gaba suna yin karɓa-karɓa. Amma lissafin na nan yadda yake: mita 100 cikin daƙiƙa 17, sau 422 a jere, ko tsayawa babu. Bayan shekara huɗu, marigayi Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a gasar Chicago, shi kuma a fagen gasa na sosai.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce azabtar da kai ne, jiki ba inji ba ne, gwiwa ce za ta biya bashin nan gaba. Wasu kuma su ɗauko maganar da ta yi farin jini a intanet, wai gudu gadonmu ne, babu dabbar da ta kai mutum juriya, mutanen farko da ƙafa suke kashe nama. Kowane gida ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Abin tambaya shi ne: halittar da zomo da kare, har da kyanwa, za su bar ta a baya cikin 'yan daƙiƙu, ina ta samo ikon yin awa uku tana gudu a tsakar rana? Kuma me wannan iko ya ɗora mana, me bai ɗora ba?

Gudu iri biyu ne

Rikicin yakan fara ne daga haɗa abu biyu da suna ɗaya. Akwai gudun wuta, irin na tsere wa hatsari, inda tsoka take ƙona abin da ta ajiye ba tare da ta jira iskar da huhu zai kawo ba. Wannan na daƙiƙu ne, kuma a nan mutum koma-baya ne. Usain Bolt, lokacin da ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, ƙololuwar saurinsa ta kai wajen kilomita 44 a awa, na ɗan taƙaitaccen lokaci. Rabbi, wato dangin damisar nan mai siririn jiki, an auna shi a dajin Botswana yana haura kilomita 90 a awa. Doki da barewa da jimina duk sun wuce Bolt nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne gudun juriya, wanda a fagen wasa ake kira gudun famfalaki ko gudun yada ƙanin wani. A nan numfashi yana iya biyan buƙatar tsoka, don haka mai gudu zai iya ɗaukar awanni, har ya yi magana da abokin tafiyarsa. Dabbobin da suka iya wannan kaɗan ne: kyarkeci, kura, karnuka, doki, wasu namun daji masu ƙaura. A cikin dukan dangin birai babu ko ɗaya. Birin cimfanzi ya fi mu ƙarfin damtse, amma 'yan kilomitoci kaɗan yake takawa a yini, kuma in ya ruga, bayan ɗan lokaci sai ya zauna. Mu kaɗai ne masu hannu da yatsu da muke cikin sahun masu dogon gudu, kuma wannan shi ne abin da ya ɗaure wa masana kai.

Daga ina maganar ta fito

A 1984 wani ɗalibin ilmin halittu mai suna David Carrier ya buga maƙala yana cewa mutanen farko sun yi farauta ta hanyar gajiyar da dabba. Ba a ɗauke ta da muhimmanci sosai ba. Sai a Nuwamban 2004 Dennis Bramble na Jami'ar Utah da Daniel Lieberman na Harvard suka fitar da nasu binciken a mujallar Nature, suka lissafa siffofi 26 a jikin mutum da suka ce sun fi dacewa da gudu a kan tafiya kawai.

A nan ya kamata in faɗi wani abu a fili. Masana suna yin wannan bayani ne a cikin mahangar da ake kira juyin halitta, wato sauyin da jikin halittu yake yi sannu a hankali cikin dubban ƙarnoni, inda siffar da ta taimaki mai ita ya rayu ya haihu take yaɗuwa a zuriya. Na san da yawa daga masu karatu suna da tasu aƙida a kan asalin ɗan Adam, kuma ba ita na zo taɓawa ba. Abin da zan kawo shi ne hujjar masana yadda suka gina ta, da inda take da ƙarfi da inda take rawa. Yawancin shaidun ma a jikinka suke, za ka iya shafa su da hannu.

Jerin lokutan da suke bayarwa kuwa ga shi a taƙaice. Tafiya da ƙafa biyu ta riga gudu da nisa. Sawun da aka tono a Laetoli ta Tanzaniya a 1978 ya kai shekara miliyan 3.6, ƙwarangwal ɗin da ake kira Lucy, wanda aka samu a Hadar ta Habasha a 1974, ya kai miliyan 3.2. Waɗannan masu tafiya a tsaye ne, amma gajerun ƙafafu gare su, da dogayen yatsu masu lanƙwasa na hawan bishiya. Sai wajen shekara miliyan 2 da suka wuce aka fara ganin wani jiki dabam, wanda aka raɗa wa Homo erectus. Mafi cikar ƙasusuwansa shi ne na wani yaro da Kamoya Kimeu ya gano a 1984 a gaɓar tafkin Turkana na Kenya, mai kimanin shekara miliyan ɗaya da rabi a ƙasa. Dogo ne, mai dogayen ƙafafu da manyan gaɓoɓi. Daga wuya zuwa ƙasa, kamarsa da mu ta fi bambancin yawa.

Shaidun da ke jikinka

Fara da agara, jijiyar nan mai kauri da ta haɗa tsokar sangali da diddige. A tafiya aikinta kaɗan ne. A gudu kuwa kamar robar danƙo take: ƙafa ta sauka ta miƙe, ƙafa ta tashi ta harba. Wani bincike na 1987 ya ƙiyasta cewa agara tana ajiye kusan kashi 35 cikin 100 na ƙarfin kowane taku ta mayar, lanƙwasar tafin ƙafa kuma ta ƙara kashi 17. Wato wajen rabin aikin kyauta ake samunsa. Agarar cimfanzi gajeriya ce ƙwarai, tafinsa kuma a shimfiɗe yake.

Yatsun ƙafarmu gajeru ne. An gwada an ga cewa in tsawonsu ya ƙaru da kashi 20 kawai, aikin da tsokokinsu za su yi a gudu sai ya ninka, alhali a tafiya ba a ganin wani bambanci.

Sai mazaunai. Tsokar da ke wurin tana cikin mafi girma a jiki, amma in kana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri kusan barci take yi. Ɗora hannu ka gwada. Da ka fara gudu za ka ji ta tana ɗaurewa a kowane taku, tana hana ƙirji kifawa gaba. A ƙeya kuma akwai wata jijiya da take riƙe kai kada ya yi ta rangaji. Doki yana da ita, kare yana da ita, alade da cimfanzi ba su da ita. Tana barin alama a ƙashin kai, kuma an ga alamar a ƙoƙon kan mutanen farko na jinsin Homo. Ƙara da kafaɗun da suka saki wuya, ta yadda hannu zai yi lilo ba tare da ya ja kai ba, da na'urar daidaito ta cikin kunne da ta fi ta birai girma.

Duk waɗannan suna taimakawa, amma ko an haɗa su ba su sa mun kamo barewa ba. Mutum ma ba mai tattalin kuzari ba ne in yana gudu, a kan yawancin masu ƙafa huɗu. Asirin yana wani wuri.

Zafi, ba sauri ba

Tsoka injin ne mai asara. A duk kuzarin da ta ƙona, kusan kashi uku cikin huɗu zafi yake zama. Duk halittar da take gudu, murhu ne take hurawa a cikinta, kuma in zafin jiki ya haura digiri 40 ya ci gaba da hawa, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sukan fara lalacewa. Saboda haka a yini mai zafi, wanda ya fi iya zubar da zafi shi yake da fili, ko da ba shi ya fi sauri ba.

Yawancin masu ƙafa huɗu da haki suke sanyaya jiki, wato gajeren numfashi mai sauri da ke busar da danshin baki da hanci. To amma akwai tarko. Dabba in tana sassarfa za ta iya haki. Da zarar ta shiga sukuwa, sai numfashinta ya ɗaure da takunta: tsalle ɗaya, numfashi ɗaya, domin kayan ciki suna zamewa gaba da baya suna matsa huhu kamar zugazugi. Bramble da Carrier ne suka bayyana wannan a 1983. Ma'anarsa, ba a haɗa sukuwa da haki. Dabba dole ta zaɓa: ko ta gudu ta dahu, ko ta tsaya ta huce. Mutum kuwa, da yake ƙirjinsa ba ya ɗaukar nauyin taku, zai iya numfashi ɗaya a taku biyu, ko uku, ko yadda ya ga dama. Kuma bai ma dogara da numfashi wajen sanyaya jiki ba.

Gumi shi ne makaminmu. A fatar mutum akwai ƙofofin gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma yawansu a kowane yanki na fata ya ninka na cimfanzi kusan sau goma. Gashin jikinmu ya zama siriri, iska tana taɓa fata kai tsaye. Mai gudu a zafi yakan zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa, wanda ya saba ma ya fi haka. An auna ɗan tseren Amurka Alberto Salazar a 1984 yana zubar da lita 3.7 a awa. Kowace lita da ta bushe a fata tana tafiya da zafin da ya kai kalori 580. Ga kuma tsayuwa a kan ƙafa biyu: da rana tsaka, kai da kafaɗu kaɗai rana take duka, alhali dabba duk gadon bayanta a shimfiɗe yake kamar shanya.

Idan aka haɗa waɗannan, sai dabarar ta fito fili. Saurin mai gudu mai horo ya zarce sassarfar yawancin dabbobi masu nauyinsa. To bai buƙatar ya kamo dabbar. Abin da yake buƙata shi ne ya tilasta mata sukuwa, sa'an nan ya iso inda ta raɓe kafin ta gama hucewa, ya sake tayar da ita. Kowane zagaye tana tashi da zafin da ya fi na baya.

Farautar gajiyarwa a idon waɗanda suka gani

Wanda ya fi rubuta wannan dalla-dalla shi ne Louis Liebenberg, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya zauna da maharban ƙabilar San a hamadar Kalahari ta Botswana. Ya ga suna zaɓar lokacin da rana ta fi ƙuna, zafi yana kai digiri 40 ko fiye. Sukan sha ruwa su ƙoshi kafin su tashi. Cikin garken wani babban dangin gwanki mai murɗaɗɗun ƙaho, sukan ware namiji, domin nauyin ƙahonsa yana saurin gajiyar da shi. Farautar da aka auna ta kai kilomita 25 zuwa 35, cikin awa uku zuwa biyar. In aka yi lissafi, matsakaicin saurin bai wuce kilomita 6 zuwa 10 a awa ba, domin gudu ne da tafiya a cakuɗe. A ƙarshe dabbar takan tsaya cak, ido a buɗe, ƙafa ta ƙi ɗagawa, maharbi ya matso ya soke ta da mashi daga kusa. Shi kansa Liebenberg, da ya bi su da ƙafa a 1990, zafi ya kusa hallaka shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninsa, wanda masu yaɗa labarin a intanet sukan tsallake, shi ne bin sawu. Dabbar tana ɓacewa daga gani tun a mintunan farko. Sauran aikin duka na ido da kai ne. Dole maharbi ya bambance sawun wadda yake bi daga na sauran garke, domin in ta koma cikin 'yan uwanta ya bi wata mai sabon jini, wahalarsa ta tashi a banza. Inda ƙasa ta yi tauri sawu ya ɓata, sai ya sa kansa a matsayin dabbar: da ni ne na gaji haka, wace inuwa zan nufa? Ya yi hasashe, ya je ya duba, in bai dace ba ya dawo ya sake. Duk wannan yana yi ne alhali jikinsa na tafasa. Ƙafa ba tare da wannan kai ba, ba ta kawo nama gida.

An daɗe ana cewa misalan irin wannan farauta 'yan kaɗan ne, daga Kalahari sai mutanen Rarámuri na tsaunukan arewacin Meziko. Amma a 2024 Eugène Morin na Jami'ar Trent a Kanada da Bruce Winterhalder na Jami'ar Kalifoniya sun tono tsofaffin rubuce-rubucen matafiya da masu bincike, suka tara bayanai 391 daga wurare 272 a faɗin duniya, tun daga ƙarni na 16. Wani abin mamaki, da yawa daga ƙasashen sanyi suke. A can dusar ƙanƙara ce take yin aikin da zafi yake yi a hamada: dabba tana nutsewa a kowane taku, maharbi kuma yana bisa da faffaɗan takalmi. Sun kuma nuna cewa ko da gudu ya fi tafiya cin kuzari, yana gajarta farautar ta yadda riba takan fi yawa. Zuwan bindiga da doki ne, da raguwar namun daji, suka kashe wannan sana'a kafin masu bincike na zamani su iso.

Me ya sa za a sha wannan wahala tun farko? Saboda tazara ce mai faɗi tsakanin fara cin nama da samun makamin jifa. Ƙasusuwan dabbobi masu shaidar yankan dutse a Gona ta Habasha sun kai shekara miliyan 2.6. Masun katako da aka tono a Schöningen ta Jamus shekarunsu dubu 200 zuwa 300 ne. Alamun kwari da baka mafi daɗewa, daga kogon Sibudu na Afirka ta Kudu, ba su wuce dubu 60 da 'yan kai ba. A tsakani, ga halitta marar farce marar fiƙa, mai ƙwaƙwalwar da ke girma. Ƙwaƙwalwarmu a yau kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarin da jiki yake ƙonawa a zaune. Dole a samo mata nama da kitse da ɓargo daga wani wuri.

Masu ja da wannan ra'ayi

Ba kowa ya yarda ba, kuma hujjojin masu ja ba na wasa ba ne. Travis Pickering da Henry Bunn, a 2007, sun ce wuraren da mutanen farko suka zauna, irin kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya, ba buɗaɗɗen rairayi ba ne kamar Kalahari. Akwai itatuwa da ciyawa da ƙasa mai tauri, inda bin sawu yake da matuƙar wuya, dabba kuma tana da inuwar ɓuya. Sun kuma duba ƙasusuwan da aka ci aka bari a wurin shekara miliyan 1.8 da suka wuce, suka ga akasari na dabbobi ne masu jini a jika, ba tsofaffi ko ƙanana ba. A ganinsu wannan ya fi kama da aikin mai kwanton ɓauna.

Akwai kuma mutanen Hadza na Tanzaniya, waɗanda har yau suke rayuwa da farauta da tsince-tsince. An sa musu na'urar auna tafiya, aka ga mazansu suna taka kilomita 11 ko fiye a yini, amma gudu ba safai ba. Sa'an nan wasu siffofin, kamar dogayen ƙafafu da gumi, suna amfanar mai doguwar tafiya a rana kamar yadda suke amfanar mai gudu. Jijiya da fata kuma ba sa zama dutse, don haka lokacin da agara ta yi tsawo ko gashi ya ragu, daga ƙashi ake hasashensa.

Wasu sun kawo tsaka-tsaki: watakila gudun farko na rige-rige ne zuwa ga mushe. Ka hango ungulaye suna shawagi, ka ruga ka riga kura, a lokacin da zaki yake kwance a inuwa saboda zafi.

Ni dai inda na tsaya shi ne, shaidar cewa jikinmu yana da kayan dogon gudu ta yi ƙarfin da ba a ture ta. Tsokar mazaunai da jijiyar ƙeya da agara ba su da cikakken bayani in tafiya ce kaɗai. Amma cewa farautar gajiyarwa ita ce babbar hanyar cin abincin mutanen farko, wannan bai tabbata ba. Ya fi kama da kibiya ɗaya cikin kwari, ana zaro ta in yanayi ya ba da dama.

Mutum da doki, da sauran ƙarin gishiri

A garin Llanwrtyd Wells na yankin Wales a Birtaniya, tun 1980 ake tseren mutum da doki na kimanin kilomita 35 a kan tuddai. Sai a 2004 mai gudu da ƙafa ya fara cin nasara, wani mai suna Huw Lobb, kuma an lura 'yan nasarorin da mutane suka samu sun fi zuwa a ranakun zafi. Doki abokin karawa ne mai wuya domin shi ma gumi yake yi, ga shi yana ɗauke da mahayi. A sanyi kuwa, karnukan da ke jan keken ƙanƙara a Alaska suna cin fiye da kilomita 100 a yini, kwana da kwanaki. Don haka maganar cewa mun fi kowace dabba ƙarin gishiri ce. Muna cikin na gaba-gaba, kuma fifikonmu yana bayyana ne in rana ta take.

Haka nan batun 'yan Kenya da Habasha. Har yau ba a gano wata ƙwayar gado guda da ta bayyana nasararsu ba. Abin da ake gani shi ne tasowa a tudu, kamar garin Iten mai tsayin mita 2,400, da motsa jiki tun yarinta, da horo mai tsanani cikin rukuni, da ganin na gaba ya fita daga talauci ta wannan hanya. Mata ma ba a bar su a baya ba, kuma tazararsu da maza takan ragu in tafiya ta yi tsawo ƙwarai. A Janairun 2019 Jasmin Paris ta doke maza da mata duka a tseren kilomita 431 a tsaunukan Ingila cikin awa 83, tana tatsar nono a wuraren hutawa saboda tana shayarwa.

Inda jiki yake ja birki

Sukarin da tsoka da hanta suke ajiyewa bai fi kalori 2,000 ba. Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinsa a kowane kilomita, shi ya sa masu gudun famfalaki da yawa sukan ji ƙafa ta mutu a wajen kilomita 30, lokacin da jiki ya koma dogaro da kitse mai jinkirin ƙonewa. A dogon zango kuma hanji ne yake sa iyaka. Herman Pontzer da abokan aikinsa, a 2019, sun bi waɗanda suka ratsa Amurka da gudu, kusan kilomita 5,000 cikin mako 20. Suka ga in abu ya ɗauki watanni, jiki ba ya iya riƙe ƙona abin da ya wuce ninki biyu da rabi na abin da yake ƙonawa a zaune, domin iyakar abin da ciki zai narka ke nan. Mace mai juna biyu tana kai ninki 2.2 tsawon watanni. Wato abin da uwa take yi a natse ya kusa ƙurewar juriyar ɗan Adam.

Me wannan yake nufi ga wanda ba ɗan tsere ba

Tsoron gwiwa shi ya fi hana mutane. Wani nazari na 2017 da ya tattara bayanan mutum fiye da dubu 100 ya gano amosanin gwiwa ko na ƙugu a kashi 3.5 na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na masu zaman wuri ɗaya, da kashi 13.3 na masu gasa a babban mataki. Wannan bai tabbatar da cewa gudu magani ba ne, domin mai ciwon gwiwa tun asali ba ya fara gudu. Amma ya rushe zancen cewa matsakaicin gudu yana cinye gaɓa. Wani binciken na 2014 a kan mutum sama da 55,000 a Amurka ya ga haɗarin mutuwa ya ragu da kashi 30 ga masu gudu, na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 45, har ga masu yin minti 5 zuwa 10 a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko rabin haka in mai tsanani ne. Tafiya da sauri tana cikin lissafi. Mutanen Hadza, masu lafiyar zuciya, da tafiya suka samu tasu. Kuma in ka ji jikinka yana ƙin tashi, ba lalaci ba ne kawai: a zamanin da abinci yake da wuya, ƙona kuzari babu dalili asara ce, shi ya sa son hutu ma gado ne.

Abin da ya fi damuna shi ne masu jin labarin maharban Kalahari su ɗauka zafi ba ya yi musu komai. Gumi yana aiki ne in ya bushe. Wanda ya ɗiga ƙasa ruwa ne aka yi asara. In iska ta cika da laima, na'urar tamu takan tsaya. A gasar duniya ta 2019 a Doha, an fara gudun famfalaki na mata da tsakar dare don guje wa rana, amma duk da haka 28 cikin 68 ba su kai ƙarshe ba, kuma zaɓaɓɓu ne na duniya. Ruɗewa, tangaɗi, ko magana ba kan gado a wajen mai gudu alamar bugun zafi ce, kuma abin yi nan take shi ne a sanyaya shi da ruwa kafin ma a kai shi asibiti. Ɗirkar ruwa fiye da kima ita ma tana da nata hatsari, domin tana tsinka gishirin jini. A gasar Boston ta 2002 an samu wannan matsala a kashi 13 na waɗanda aka auna. Ƙishirwa ita ce ma'aunin da ya fi dacewa da yawancin mutane.

Batun gudu ba takalmi ma haka yake. Gaskiya ne Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a Roma a 1960 ƙafarsa a ƙasa, amma ƙafar da ta yi shekara talatin cikin takalmi ba irin tasa ba ce. Zuciya da huhu sukan saba da gudu cikin makonni, jijiya da ƙashi kuwa sai sun ɗauki watanni, kuma a wannan tazara ce yawancin raunin sababbin masu gudu yake faruwa: numfashi ya ce a ƙara, agara ba ta shirya ba. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji in ya yi aikin ƙarfi, ya ga likita tukuna. Sauran kuma su fara yadda maharban suke yi, gudu kaɗan tafiya kaɗan, a saurin da za su iya faɗin jimla guda cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ba.